A bar yaran Katsina su zauna su ƙaga labari

Da wuya manya su zauna a majalisa a garin nan a taɓo maganar tarbiyya ba a samu wanda ya ce yaran yanzu ba sa karatu ba. Ni ban yarda da maganar ɗungurungum ba. Suna karatu, in dai za a ƙirga abin da idonsu ke bi a waya tun daga asuba har tsakar dare. 'Yan mata na bin littattafan Hausa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, samari na bin labarin ƙwallo da na siyasa a Facebook. Abin da ya ɓace shi ne zaman da ake yi bayan karatun. Kowa ya karanta nasa shi kaɗai, ya shafa waya ya wuce na gaba. Babu mai tambayarsa me ya karanta, babu kuma wurin da abin da ya karanta zai yi masa rana. Karatun da ba a maimaita wa kowa kuwa ba ya daɗewa a ka.

Akwai wani wasa da ya fara shigowa hannun ɗaiɗaikun samarinmu ta intanet, wanda nake ganin zai iya cike wannan gurbi. Roƙona ga iyaye da malaman makaranta shi ne kada su kore shi tun ba su ga yadda ake yin sa ba.

Wasan labari ne na zaune. Mutum huɗu ko biyar su zauna a tabarma ko su kewaye tebur. Ɗaya daga ciki shi ne mai jan labari: shi ke faɗin inda ake, da abin da ido ke gani, da wanda aka ci karo da shi a hanya. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, da sunansa da sana'arsa da halinsa, duk a rubuce a takarda: ƙarfinsa, wayonsa, abin da ya iya, abin da yake tsoro. Mai jan labari ya ce, "Kun iso bakin rijiya, igiyar guga ta tsinke, rana ta kusa faɗuwa. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, dokokin wasan su yanke ko ya dace ko bai dace ba, labari ya ɗora daga nan. Ba a cinye kowa, ba a sa ko kwabo. Shi kansa mai jan labarin bai san inda za a ƙare ba, domin 'yan wasan ne ke juya akalar.

A Amurka aka fara buga shi a littafi. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, daga wani ɗan gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin. Kwafi dubu ɗaya suka fara bugawa. Daga wasannin yaƙi na kan tebur ya tsiro, inda ake jera ƙananan sojojin ƙarfe. Sai aka ce maimakon mutum ya ja runduna, ya riƙe jarumi ɗaya tak ya ga abin da zai same shi. Bayan nan wasu suka biyo baya: Traveller a 1977, na tafiya a sararin samaniya, da Call of Cthulhu a 1981, na bincike da ban tsoro. Babban littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons bugun 2014 ya haura shafi 300. A lura da wannan: yaron da ke son ya yi wasan dole ya karanta, kuma karatun natsuwa, domin abokansa za su kama shi idan ya fahimci doka a karkace.

Na zauna na kalli ɗan yayata da abokansa suna yi a zauren gidansu, bayan isha'i, an ɗauke wuta sai fitilar caji a kan taga. Sun ajiye dodannin Turawa gefe, sun shirya labarin ayari na zamanin da, daga Katsina zuwa Agadas. Wannan madugu, wannan jagaba, wannan maƙeri mai bin ayari, na huɗun almajiri ne da ke ɗauke da gafakar malaminsa. Ana cikin tafiya mai jan labari ya ce sun isa Agadas za su haƙi gishiri. Nan take wanda ya zama jagaba ya tare shi, ya ce ai ba a Agadas ake samun gishiri ba, daga Bilma Abzinawa ke ɗauko shi kantu-kantu a raƙuma. Gardama ta kaure, aka dakatar da wasa. Ɗan yayar tawa ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, to da me ma ake ciniki a lokacin, tunda babu naira?" Na ce da wuri. Ya ce, "Wurin nawa ne kuɗin raƙumi?" Na ce masa abin da na sani shi ne keso ɗaya wuri dubu ashirin ne, sauran ya je ya nemo. Ya kuwa je. Da aka sake zama ya zo da takarda cike da rubutu: abin da ake kaiwa arewa, jan fata da baƙin tufa na rini da gero, abin da ake saukowa da shi, gishiri da dabino da takarda. Har ya ci karo da labarin Bature ɗan Jamus Heinrich Barth da ya shigo Katsina a 1851, ya ga faɗin ganuwa da ƙarancin mutanen da suka rage a cikinta. Wannan yaro ne da mahaifiyarsa ke fama da shi a kan littafin tarihi na makaranta. Ba jarrabawa ce ta tura shi ba. Ba ya son jagaba ya sake ƙure shi a gaban mutane ne.

Abin da ya fi burge ni ma ba wasan ba ne, hirar da ke biyo bayansa ce. Sai an naɗe takardu, ana shan shayi, sai ka ji wannan na cewa ya karanta abu kaza a kan yadda ake haƙa rijiya a sahara, wancan na cewa akwai littafin da wata marubuciya ke saki a waya wanda mugun cikinsa zai dace da labarinsu. Suna ba juna aron littafi, suna tura wa juna. Ni kaina zaman ya sa na koma na tono Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi daga cikin akwati, na sake karanta su da wani ido dabam, ina duba wane wuri ne marubucin ya bar ƙofa a buɗe da za a ce wa yaro "me za ka yi?" Na miƙa musu, kuma kafin mako ya zagayo littattafan sun bi hannu sun dawo da lanƙwasassun shafuka.

Masu cewa wannan baƙon abu ne, al'adar Turawa, su tuna abin da muka tashi a ciki. Da goma ga azumi yara ke fita tashe, wannan ya sa gemun auduga ya zama malam, wancan ya zama mai magani. A kalankuwa samarin ƙauye kan naɗa wa junansu sarauta, a yi gwamna a yi alƙali, a yi shari'a a yanke hukunci, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse. Matan fada sun yi wasan gauta suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Ga kuma tatsuniya, wadda ba ta farawa sai masu sauraro sun amsa "ta zo mu ji ta". Ara wa kai rigar wani a yi labari da ita tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Abin da wannan wasa ya ƙara shi ne alƙalami da takarda, da dokar da ke hana mai bakin magana cinye sauran, da kuma ba mai sauraro damar ya juya labarin.

Su tuna kuma yadda littattafan da muke tinƙaho da su suka samu. A 1933 aka yi gasar rubutu da Rupert East ya shirya daga Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina. Ƙagaggen labari a littafin boko baƙon abu ne a lokacin. Magana Jari Ce ta ɗebo daga labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, Imam ya sa musu riga da wando na gida har ba mai jin baƙuntarsu. Iliya na Ahmadu Ingawa daga labarin wani jarumin Rasha aka samo shi. Mutanen wannan yanki sun daɗe da gwanancewa wajen karɓar abin waje su mayar da shi nasu.

Amma akwai ƙorafi biyu masu nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san da su ba.

Na farko maganar dayis ce, ɗan abin nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa a ludo. Dungeons & Dragons da galibin 'yan'uwansa a kan dayis suka dogara, akwai mai fuska huɗu, shida, takwas, goma, sha biyu, da babbansu mai fuska ashirin. Idan mutuminka zai haura katanga sai ka jefa, ka haɗa da lambar ƙwarewarka, in ta kai abin da ake nema ka haura. Mu kuwa Musulmi ne, kuma akwai hadisi a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa wanda ya yi wasa da nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa, akwai kuma na Sahihu Muslim da ya kwatanta mai yin sa da wanda ya tsoma hannunsa a naman alade da jininsa. Nardu wasa ne na jefa dayis, kuma mafi yawan malamai sun hana shi ko da ba a sa kuɗi ba. Malamai da dama sun shigar da duk wasan da aka gina a kan jifan dayis cikin wannan hani. Uban da ya leƙa zaure ya ga ɗansa na jefa dayis ya ɗaure fuska, ba jahilci ne ya sa shi ba. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan ce wa yaro ya yi jayayya da malaminsa a kan wasa ba.

Abin da zan ce shi ne wasan ba ya buƙatar dayis. Su kansu Turawan sun daɗe da gane haka: tun 1991 aka buga wani mai suna Amber wanda babu dayis a cikinsa ko ɗaya, ƙwarewar mutuminka da dabarar da ka faɗa su ke yanke hukunci. Yaran da na kalla ma hanyar da suka bi ke nan, da abin da ke hannunsu. Kowane ɗan wasa ana ba shi ƙwallon dabino goma. Duk aiki mai wuya yana da farashi: haura katanga biyu, shawo kan mai gadin ƙofa uku, bin sawun ɓarayin raƙuma cikin dare huɗu. In aikin sana'arka ne a rage maka ɗaya. In ƙwallayenka suka ƙare to ka gaji, sai ayari ya yada zango kafin a mayar maka. Na ga maƙerin nan ya riƙe ƙwallaye uku na ƙarshe a tafin hannu yana jujjuya su, yana shawara da zuciyarsa ko ya kashe su wajen ceto almajirin da ya faɗa rami, ko ya adana don tsallake kwarin da ke gaba. Ya ceci almajirin, suka kwana a bakin kwarin. A ganina wannan tsari ya ma fi na dayis, domin ya fi kusa da dara, inda lissafi da hangen gaba ke aiki, ba sa'a ba.

Kuma tunda ana maganar caca, mu dubi inda take da gaske. Tana cikin wayar da ke aljihun yaro, inda yake zuba kuɗin makarantarsa a kan wasan ƙwallon Ingila, shi kaɗai a ɗaki, babu wanda ya gani. Zaman zaure a fili yake. Duk mai wucewa zai ji abin da ake faɗa.

Ƙorafi na biyu shi ne abin da ke cikin littattafan. Gaskiya ne duniyar Dungeons & Dragons cike take da matsafa da alloli barkatai da shaiɗanu, kuma ɗan wasa na iya zaɓar ya zama mai bautar ɗaya daga cikinsu. Ba mu ne farkon waɗanda abin ya dama ba. A shekarun 1980 iyaye da wasu coci-coci a Amurka sun tashi haiƙan a kansa, har kamfanin da ke buga wasan ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. A nan ina tare da iyaye. Ba na son in ga ɗan Musulmi ya zauna yana kwaikwayon roƙon gunki ko yana karanto surkullen tsafi, ko da wasa ne. Sai dai dokokin wasa dabam, duniyar da aka zuba a ciki dabam. Ana iya ɗaukar dokokin a zubar da duniyar, kamar yadda yaran nan suka yi da ayarinsu. Aljani da dodo kuwa ba su taɓa zama baƙi a labaranmu ba, suna cikin tatsuniya, suna cikin Ganɗoki, mun karanta a firamare kuma ba wanda ya bar salla saboda su. Inda za a ja layi shi ne tsakanin labarin da aljani ke cikinsa da wasan da ke sa yaro ya ɗauki matsayin boka. Uba ko yaya da ya zauna zama ɗaya ya saurara zai gane wanne ake yi.

Masu cewa yana cin lokaci sun yi gaskiya, zama ɗaya kan kai awa uku. A hana lokacin jarrabawa, a tashi in an kira salla. Lokacin da waya ke ci ya ninka haka, kuma ba a tashi da komai.

Abin da ya fi damuna shi ne babu ko ɗan littafi ɗaya na irin wannan wasa da na taɓa riƙewa da Hausa. Duk yaron da Turancinsa bai yi ƙarfi ba an rufe masa ƙofa, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar abin da zai ja shi ga karatu. Wasu al'ummu sun riga sun farga. A 2021 'yan asalin Amurka, jajayen fata, sun tara sama da dala miliyan ɗaya ta intanet suka buga nasu mai suna Coyote & Crow, wanda ya ƙaga yadda ƙasarsu za ta kasance da Turawa ba su taɓa zuwa ba. Tun 2002 wani kamfanin Amurka ya buga Nyambe a kan Afirka. In ba mu rubuta namu ba, wasu za su rubuta mu yadda suka hango mu daga nesa. Kuma babu shingen doka da zai tare mu: a watan Janairun 2023 kamfanin da ke da Dungeons & Dragons ya saki ginshiƙan dokokinsa kyauta ga duk mai son ya yi gini a kansu, ga wanda ma yake son ya bi ta nan.

Kayan aikin kuwa a zube suke. Ɗauki Daura. Kowane yaro ya san Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu, wadda ba a ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a. To a bar Bayajidda, a ba 'yan wasa matsayin fadawan da Daurama ta aika washegari su gano wanda ya yi aikin. Ga gawar maciji babu kai, ga masu ƙaryar su ne suka kashe, ga tsohuwa Ayana da baƙonta. Wa za ku fara tambaya? Me za ku duba a bakin rijiyar? Yaron da ya yi wannan zama, in aka kai shi Kusugu, da tambayoyi zai shiga. Ɗauki Katsina: kokawar Korau da Sanau, da abin da mutanen fada suka sani suka yi shiru. Ɗalibi baƙo da ya sauka a Gobarau neman ilimi ba shi da masauki. Zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani, lokacin da malamai ke tururuwa zuwa garin. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi a wajen Mani. Fataken goro masu tafiya Gwanja su yi watanni a hanya. Kowanne daga cikin waɗannan zai ci zama goma bai ƙare ba, kuma kowanne zai tilasta wa mai jan labari ya buɗe littafi ko ya je ya durƙusa gaban tsoho ya yi tambaya.

Masu iya rubutawa suna nan. Akwai ɗaliban Hausa da na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, waɗanda kowace shekara suke neman abin da za su yi kundin kammala karatu a kai. Akwai marubuta mata, su ne ma suka fi riƙe ƙagaggen labari na Hausa a yau, kuma tun da aka fara gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016 an ga irin yawansu. Macen da ta iya riƙe ɗaruruwan masu karatu a waya har su kasa barci suna jiran shafi na gaba, ta iya jan labari a tsakar gida. Wasan ma ya dace da 'yan mata ƙwarai, domin ba ya buƙatar fita ko'ina, ɗaki da 'yan'uwa da ƙawaye sun isa.

Ba babban littafi ake nema ba. Shafi ashirin ya isa: dokoki a shafi huɗu, babu dayis, taswirar tsohon birni da ƙofofinsa, mutane shida da za a zaɓa daga ciki, da labari ɗaya da aka shirya wa mai ja. A buga a wurin masu hoton takardu, a sayar a kuɗin da bai wuce na katin waya ba. Ƙungiyoyin Hausa na makarantun sakandare, waɗanda ba a jin ɗuriyarsu sai ranar da za a yi wasan kwaikwayo na ƙarshen zango, su karɓa. Abin da ake buƙata daga shugaban makaranta aji ɗaya ne a buɗe da malami ɗaya da zai zauna a baya, ranar Alhamis da yamma, tunda ranar ba a zuwa Islamiyya.